ATBU Bauchi: Me Ake Nufi da Jami'ar Fasaha, Kuma Me Zai Canza Idan Ta Koma Ta Gama-gari?

Duk shekarar da aka fara rabon guraben karatu, tambaya ɗaya ce ke dawowa a majalisun Bauchi da shirye-shiryen rediyo: me ya sa yaron da ke son karanta shari'a ko tarihi ko kimiyyar siyasa sai ya tafi Jos ko Maiduguri ko Kashere, alhali ga jami'ar tarayya a cikin garinsu? Amsar tana cikin irin jami'ar da aka kafa tun farko. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda kowa ya fi sani da ATBU, jami'ar fasaha ce. A 2025 maganar sauya mata wannan matsayi ta kai zauren Majalisar Dattawa, kuma tun daga nan ra'ayi ya rabu, har a cikin jami'ar kanta. Da yawa daga masu muhawarar kalma ɗaya suke furtawa amma abin da suke nufi ya sha bamban.

Jami'ar fasaha da jami'ar gama-gari

Jami'ar gama-gari ita ce wadda doka ta ba damar koyar da kowane fanni, daga likitanci zuwa adabi, irin su ABU Zariya da Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri. Jami'ar fasaha kuwa an kafa ta ne don injiniyanci da kimiyya da fannonin da ke jingine da su, kamar zanen gine-gine, safiyo, ƙididdigar kayan gini, noma da kwamfuta.

A aikace, bambancin ya fi fitowa a rabon gurabe. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce jami'ar gama-gari ta ware aƙalla kashi 60 cikin 100 na gurabenta ga fannonin kimiyya, jami'ar fasaha kuma aƙalla kashi 80. Wato a ɗalibai 1,000 da za a ɗauka, waccan tana da sararin ba wa 400 fannonin da ba na kimiyya ba, wannan kuma 200 kacal. Ko su ɗari biyun ma, ana sa ran darussansu su kasance masu yi wa fasaha hidima, kamar sarrafa harkokin masana'antu ko horar da malaman da za su koyar da sana'o'in hannu.

Wani abin da ke ƙara rikita mutane shi ne sunan. Takwarorin ATBU na Minna da Akure da Owerri suna ɗauke da kalmar fasaha a sunansu. Ta Bauchi ba ta da ita tun 1984, shi ya sa uban da ya ga allon ƙofar harabarta ta Yelwa zai ɗauka jami'a ce irin kowace.

Daga 1980 zuwa yau

A zamanin Shugaba Shehu Shagari aka yanke shawarar kafa jami'o'in fasaha na tarayya. Bauchi da Makurdi da Owerri suka zo a 1980, Akure da Yola a 1981, Abeokuta da Minna a 1983. Lissafin gwamnati a lokacin a bayyane yake: ana gina kamfanin ƙarfe na Ajaokuta, ana buɗe kamfanonin harhaɗa motoci, ciki har da Steyr a nan Bauchi mai harhaɗa taraktoci da manyan motoci, kuma injiniyoyin da ke juya waɗannan wurare yawancinsu baƙi ne. Farfesa A. O. Adekola, injiniyan gine-gine, shi ne shugabanta na farko. An ɗauki ɗaliban share fage a Oktoban 1981, karatun digiri ya fara a shekarar da ta biyo.

Ba a je ko'ina ba farashin man fetur ya faɗi. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta ga ba za ta iya riƙe duka ba, sai ta haɗe huɗu daga ciki da tsofaffin jami'o'i: Bauchi ta koma ƙarƙashin ABU da sunan Kwalejin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Yola ta koma Maiduguri, Makurdi ta koma Jos, Abeokuta ta koma Legas. A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta warware haɗin. Makurdi da Abeokuta suka zama jami'o'in noma, Yola da Bauchi suka ci gaba a matsayin na fasaha, ta Bauchi kuma ta riƙe sunan firayim ministan Najeriya na farko.

Shugabannin da suka biyo bayan nan sun ƙarfafa mata wannan kama. Farfesa Buba Bajoga injiniyan lantarki ne, daga baya ya shugabanci kamfanin sadarwa na NITEL. Farfesa Abubakar Sani Sambo, wanda ya riƙe ta daga 1995 zuwa 2004, masanin makamashi ne, ya kuma je ya shugabanci Hukumar Makamashi ta Ƙasa. A hankali jami'ar ta bazu daga harabar Yelwa zuwa mazauninta na dindindin a Gubi, kan hanyar Ningi, ta kuma samu kwalejin likitanci da asibitin koyarwa. A gefe guda tsangayar nazarin harkokin gudanarwa, inda ake karanta akanta da kasuwanci da harkar banki, ta zama ɗaya daga wuraren da suka fi jan ɗalibai. A kan irin waɗannan darussa ne umarnin ministan ilimi Malam Adamu Adamu na farkon 2017 ya faɗo, lokacin da ya ce jami'o'in da aka kafa don wani fanni na musamman su koma kan abin da aka kafa su dominsa.

Yola ta bi wata hanyar. A 2021 aka sa hannu kan dokar da ta mayar da Jami'ar Modibbo Adama ta gama-gari. Wannan shi ne misalin da masu neman sauyi a Bauchi suka fi kawowa.

Yadda ake yin injiniya, da inda aikin ke cijewa

Karatun injiniya shekara biyar ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB. Ana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki dole da Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri, kuma su huɗun ne ake rubutawa a JAMB. A nan ne da yawa daga yaran yankin ke faɗuwa tun kafin su iso ƙofa, domin makarantar sakandaren da ba ta da malamin fiziks ba ta fitar da ɗan takarar injiniya, komai hazaƙarsa.

Aji ɗaya duk kimiyya ce zalla. A aji biyu kowa yana yin darussan injiniyanci na bai-ɗaya: zanen injiniya, ƙarfin kayan aiki, lantarki na farko, tare da makonnin horo a ɗakin ƙira inda ɗalibi ke riƙe zarto da magagari, ya yi walda, ya tsaya gaban injin sassaƙa ƙarfe. Daga aji uku kowa ke kama sashensa, ko gine-gine da hanyoyi, ko lantarki, ko injuna, ko sinadarai, ko man fetur, ko injinan noma. A aji huɗu ake tafiya SIWES, wato wata shida na koyon aiki a masana'anta, shirin da asusun horar da ma'aikatan masana'antu na ITF mai hedikwata a Jos ya ƙirƙiro a 1973. Aji biyar na aikin kammalawa ne, wanda ɗalibi zai tsara ko ya ƙera wani abu ya kare shi gaban malamai da mai jarrabawa daga wata jami'a.

Tsadar wannan karatu tana cikin gwaje-gwaje. A ɗauki gwajin kankare, wanda kowane ɗalibin sashen gine-gine ke yi. Ana kwaɓa siminti da yashi da tsakuwa bisa awo, a zuba a mazubi mai faɗin milimita 150 ta kowane gefe, a daddaƙa don iska ta fita, a cire washegari a tsoma a ruwa. Bayan kwana 7, sannan bayan kwana 28, a sa a injin matsewa har ya fashe, a karanta nauyin da ya ɗauka. Kafin wannan gwaji ɗaya ya yiwu ana buƙatar siminti, mazubai, kwamin ruwa, wuta, injin da aka daidaita awonsa, da ma'aikacin ɗakin gwaji da ya san aikinsa. Idan injin ya yi shekaru ba a daidaita shi ba, lambar da zai nuna ba abin dogaro ba ce. Idan ɗalibai 80 suka kewaye inji ɗaya, biyar ne za su taɓa, saura su kwafi sakamako. Ajin tarihi mai ɗalibai 80 kuwa allo da ɗakin karatu da malami nagari sun ishe shi.

SIWES ma tana da nata ciwon. Steyr da aka yi lissafi da ita ta daɗe da durƙushewa. Wuraren da suka rage a yankin ba su da yawa: kamfanin siminti na Ashaka, tashar wutar madatsar Dadin Kowa, ofisoshin kamfanin rarraba wuta na JED, ma'aikatun ayyuka, hukumomin ruwa da kamfanonin da ke kwangilar hanya. Wanda bai samu ɗaya daga ciki ba, kuma ba shi da wurin sauka a Kaduna ko Legas ko Fatakwal, yakan ƙare a ofishin da aikinsa bai wuce cika littafin rahoto a kai a buga masa hatimi ba.

Masu tantancewa biyu

Kowane darasin digiri a Najeriya sai hukumar jami'o'i ta NUC ta tantance shi. Tawagarta tana duba manhaja, yawan malamai da matakansu, ɗakunan gwaji, ɗakin karatu da kuɗin da ake kashewa. Maki 70 zuwa sama yana ba da cikakkiyar amincewa ta shekara biyar, matuƙar an cika sharuɗɗan manyan ɓangarorin. Daga 60 zuwa 69 amincewar wucin gadi ce ta shekara biyu. Ƙasa da haka an hana, kuma dole sashen ya daina ɗaukar sababbin ɗalibai. Ma'aunin NUC a injiniyanci shi ne malami ɗaya ga ɗalibai 15, a fannonin adabi da zamantakewa kuma ɗaya ga 30.

Injiniyanci yana da mai tantancewa na biyu, wato COREN, majalisar da dokar soja mai lamba 55 ta 1970 ta kafa don kula da sana'ar. Wanda ya gama a sashen da COREN ba ta amince da shi ba zai sha wahala wajen rajista, kuma ba a sa wa zane hatimin injiniya sai da rajista. A 2023 COREN ta samu shiga yarjejeniyar Washington a matakin wucin gadi, yarjejeniyar da ƙasashe ke amincewa da digirin injiniyan juna a ƙarƙashinta. Tsarin da wannan ya jawo ya fi tsauri: ana tambayar abin da ɗalibi ya iya yi da hannunsa da kansa bayan kammalawa, a kuma nemi hujja a rubuce.

Sabuwar manhajar CCMAS da NUC ta ƙaddamar a Disambar 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cika da abin da ya dace da yankinta. Ga jami'ar da ke tsakanin rijiyoyin mai na Kolmani da kwal ɗin Maiganga da farar ƙasar Alkaleri, wannan kashi 30 ba ƙaramin fili ba ne.

Bincike: me ake yi, wa ke biya

ATBU ce ke ɗauke da cibiyar ƙasa ta binciken man fetur, NCPRD, ɗaya daga cibiyoyin Hukumar Makamashi ta Ƙasa. Muhimmancinta ya ƙaru bayan NNPC ya sanar da samun mai a rijiyar Kolmani ta biyu a Oktoban 2019, a kan iyakar Alkaleri ta Bauchi da Akko ta Gombe, da kuma ƙaddamar da aikin da Shugaba Buhari ya yi a Nuwamban 2022. Haka kuma tana cikin jami'o'i shida da ke da cibiyar SPESSE da Bankin Duniya ke tallafawa, inda ake horo kan ƙa'idojin sayen kayan gwamnati da kare muhalli. Harabar Gubi tana cikin rukunin farko da hukumar samar da wuta a karkara ta kafa wa tashar hasken rana.

Mafi yawan binciken yau da kullum ƙanana ne, kuma daga matsalolin yankin suke fitowa: gwada tokar buntun shinkafa a madadin wani kaso na siminti, ƙarfafa jar ƙasa don aikin hanya, injinan ɓarzar gyaɗa da sussukar masara, na'urar busar da tumatir da zafin rana, auna ingancin ruwan rijiyoyin burtsatse. Kuɗin yawanci daga TETFund yake zuwa, asusun da dokar 2011 ta kafa a kan harajin ribar kamfanoni, wanda ake rabawa kashi biyu ga jami'o'i, ɗaya ga kwalejojin fasaha, ɗaya ga kwalejojin ilimi. Akwai ƙaramin tallafi da ake nema a cikin jami'a, akwai kuma babban asusun bincike na ƙasa da ake gasa a kansa.

Inda abin ke tsayawa sananne ne. Ƙarin girman malami yana rataye da yawan maƙalun da ya wallafa, saboda haka injin da ɗalibi ya ƙera yakan cika aikinsa ranar da aka ɗauki hotonsa aka sa a maƙala. Kafin ya zama kayan sayarwa sai an sake ƙera shi sau da yawa, an gwada shi a gona damina guda ko biyu, an fitar da farashin kowane sashe, an yi rajistar mallakar fasaha, an samu maƙerin da zai yi guda ɗari iri ɗaya. Tallafin bincike kan ƙare tun a mataki na farko. Ga kuma wuta: tun da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi tsawon lokaci a rana, zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, jami'o'i da dama suka shiga rabon wuta da awa, kuma gwajin da ke buƙatar tanda ta yi awa 24 a kunne ba ya jure ɗaukewa.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu neman a mayar da ita ta gama-gari suna kafa hujja da adalci wajen samun gurbi. Jihar Gombe, wadda aka cire daga Bauchi a 1996, tana da jami'ar tarayya ta gama-gari a Kashere tun 2011. Bauchi tana da jami'o'in tarayya biyu, ATBU da ta kimiyyar lafiya a Azare, duka na fanni na musamman. Jami'ar jiha ta Sa'adu Zungur, mai babban mazauni a Gadau, ita kaɗai ke ɗaukar nauyin mafi yawan masu neman shari'a da adabi da zamantakewa. Suna ƙarawa da cewa a Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantu na tarayya har shekara bakwai, don haka ƙofar neman sabuwar jami'a a rufe take. Suna kuma nuna ABU, wadda ta gama-gari ce amma tsangayar injiniyancinta na cikin mafiya daɗewa da suna a ƙasar. A ganinsu, iyaye da yawa sun fi yarda 'ya mace ta yi karatu a garin da suke, kuma rashin darussan da take so a kusa yakan kawo ƙarshen karatunta.

Masu son ta tsaya yadda take suna cewa bayan sauyin Yola, ita ce tsohuwar jami'ar fasaha ta tarayya da ta rage wa Arewa maso Gabas, yankin da ke buƙatar sake gina hanyoyi da gadoji da layukan wuta. Babbar fargabarsu ta kuɗi ce. Kason shekara-shekara da TETFund ke ba jami'o'i kai tsaye daidai yake ga kowace, ba ya ƙaruwa don an ƙara tsangaya. Idan aka buɗe sababbin tsangayoyi huɗu, kuɗin da zai sayi injin gwaji shi ne zai gina ajujuwa. Tun da darussan da ba sa buƙatar ɗakin gwaji sun fi arha kuma sun fi masu nema, suna tsoron a hankali su rinjayi sauran a majalisar jami'a da wajen rabon kasafi. Nasu maganin shi ne a gyara koyar da kimiyya a sakandare, a kuma faɗaɗa jami'ar jiha.

Akwai masu ra'ayi na uku, waɗanda ke cewa a bar ta jami'ar fasaha amma a kare tsangayar gudanarwa da ta ilimin fasaha, a cika kashi 20 ɗin da manufa ta halatta. Wannan yana rage zafi, sai dai bai amsa kukan mai neman shari'a ba.

Kowace hujja tana da inda ta yi rauni. ABU ta gina injiniyancinta ne a zamanin da kuɗi ke da daraja kuma jami'o'in ƙasar ba su kai goma ba, don haka kwatanta ta da yanzu yana buƙatar hattara. A ɗaya gefen, zama jami'ar fasaha bai taɓa ba ATBU wani kaso na musamman da zai hana injinanta tsufa ba, kuma shekarun da Yola ta yi a sabon matsayinta ba su isa a yanke hukunci a kansu ba.

Abin da zai shafi mai ɗa a makaranta

Ko da an sa hannu kan doka gobe, ba a fara karanta shari'a jibi. Sabon darasi sai majalisar jami'a ta amince, NUC ta zo ta duba malamai da gine-gine da littattafai, JAMB ta sa shi a jerinta. Shari'a tana da ƙarin mataki, domin majalisar koyar da aikin lauya ce ke ƙayyade yawan ɗaliban da za a ɗauka. Aikin shekaru ne. Wanda ke aji shida na sakandare a bana bai kamata ya zaɓi darussan JAMB bisa jita-jitar sauyi ba.

Ƙa'idar rabon gurbi a jami'o'in tarayya ma ba za ta canza ba: kashi 45 na cancanta ne ga duk ɗan ƙasa, 35 na jihohin da ke kewayen jami'a, 20 na jihohin da aka lissafa a baya wajen ilimi. Sababbin gurabe ba za su zama na 'yan Bauchi kaɗai ba, kodayake za su amfana ta hanyoyi ukun.

Ga wanda ke ciki yanzu, digirinsa ba ya lalacewa don an sauya matsayin jami'a. Abin da zai taɓa shi shi ne sakamakon tantancewar sashensa. Ga mazauna Yelwa da ƙauyukan kewayen Gubi, ƙarin ɗalibai yana nufin ciniki ga masu abinci da masu Keke Napep da masu gidajen haya, yana kuma nufin tashin kuɗin ɗaki da matsin ruwa. Ga ɗan kwangila ko ma'aikatar da ke kai samfurin ƙasa da kankare a gwada mata, abin da ya dame su shi ne ko ɗakin gwajin zai ci gaba da samun kuɗin gyara da daidaita injuna.

Mai son bin diddigin kowane ƙudiri kan wannan batu zai fi samun haske a cikin sassansa fiye da takensa: ko ya ajiye wani kaso na gurabe ga injiniyanci da kimiyya, ko ya faɗi inda kuɗin sababbin tsangayoyi zai fito, ko ya tsara buɗe su daki-daki. Uban da zai biya kuɗin rajista a bana kuwa yana iya tambayar ofishin sashen da ɗansa ya samu abu biyu kafin ya biya: wace shekara NUC da COREN suka zo na ƙarshe, kuma wane sakamako suka bayar.